Malam a Ƙarƙashin Tebur

Shekaru sun ja, amma ranar nan ba za ta taɓa fita daga raina ba. Lokacin ina ɗalibi a kwalejin horar da malamai, aka tura ni gwajin koyarwa wata firamare a Bukkuyum. An ce malami zai zo daga kwaleji ya ga aikina ya ba ni maki, ba a kuma faɗi rana ba. In na faɗi sai na maimaita shekara, ga Inna ta riga ta cika unguwa da cewa ɗanta ya zama malamin Turanci.

Darasin da ya tsaya mini a wuya shi ne haɗa kalmomin Turanci masu nuna yadda aka yi abu, irin su "da sauri" da "shiru", da masu nuna wuri, irin su "kan" da "ƙarƙashin". Na cika allo da rubutu, ina ta zuba Turanci ina jin kaina Bature, yara kuwa sun zuba mini ido kawai. Hedimasta ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ɗiyan ga ba su gane komi ba. Sake dabara."

Sai na koma nuna musu a aikace. In hau kan benci da sauri, in faɗa da Turanci, su maimaita suna ƙyalƙyala dariya. Ran nan, da sabuwar shaddata, na shige ƙarƙashin tebur na zauna shiru. Zan fito ke nan ƙusa ta kama rigar ta baya. Ina cikin kokawa da ita na hango takalman baƙo a bakin ƙofa. Na gane malamin kwalejin nan ne, na ce shi ke nan, shekara ta tafi.

Da Turanci ya tambayi yaran ina malaminsu. Yaran da ban taɓa jin cikakkiyar jimla daga bakinsu ba suka amsa baki ɗaya, da Turanci tsaf, cewa malam yana zaune shiru a ƙarƙashin tebur.

Ya sunkuyo ya leƙo ni ya ce, "Hito, Malam, na ga abin da niz zo gani." Na fito da yagaggiyar riga, kunya kamar in nutse, amma na ci gwajin.

Tun ranar na gane cewa malamin da ke tsoron yara su yi masa dariya zai daɗe yana magana shi kaɗai a aji.