Ɗakin Hajja da Dogonyaron Gidanmu

Ranar da muka rushe ɗakin Hajja, mahaifiyata, har shayi da burodi na saya wa leburori don murna. Ɗakin ƙasa ne, mahaifinmu ya gina shi a gidanmu na unguwar Gwange tun kafin a haife ni. Tun shekarar da ruwa ya shigo unguwa gindin bangon ya jiƙa ya ƙi bushewa, in ka dafa shi sai ƙasa ta biyo hannunka. Na ce ba zan zauna ina kallo bango ya faɗo wa uwata ba. Zan rushe shi, in ɗan ƙara faɗinsa zuwa tsakar gida, in yi mata ɗakin bulo mai banɗaki a ciki, don gwiwoyinta sun gaji da jan buta zuwa can ƙuryar gida.

Hajja ta yarda, amma da sharaɗi. "Malam," haka take kirana tun da na fara koyarwa, rabi girmamawa rabi tsokana, "na ba ka zuwa saukar damina. In ruwan farko ya same ni babu rufi a kaina, Konduga zan tafi wurin ƙanena, kuma kada ka biyo ni da magiya." Na yi dariya a gabanta, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Hajja tana da hawan jini, a nan muke kai ta asibiti, kuma ni kaɗai ne ɗanta namiji. Ban ga yadda zan ɗaga kai a unguwa ba in aka ce na rushe wa uwata ɗaki ta koma ƙauye.

Matata ta gyara mata wuri a ɗakin yara, Hajja ta ce Allah ya kiyaye ta kwana cikin masu shure-shure. Sai ta sa aka fitar mata da gadonta da akwatunanta gindin dogonyaron da ke tsakar gida. Zafi ya fara shigowa, kowa ma a waje yake kwana, don haka ba mu ja da ita ba. Bishiyar ta girme ni. Mutum biyu ba sa zagaye gindinta da hannu, inuwarta kuma ta rufe gidanmu har ta leƙa na maƙwabta. A ƙarƙashinta Hajja take haɗa turaren wutar da take sayarwa, a nan matan unguwa suke zuwa saye su ɓige da hira har la'asar. A nan kuma maƙwabciyarmu, wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya 'yar kudancin Borno, take biyowa ranar Lahadi in ta taso daga coci ta auna mata jini, su yi ta musu a kan gishirin miya.

Maginin da na ɗauko mutumin kirki ne, amma yana da wata magana da na tsana har yau: "Kaɗan ya rage, Malam." Ranar farko ya auna wurin da ƙafa, ya dubi sama, ya faɗi abin da aikin zai ci. Na ji ya yi daidai da abin da na tara, har da ɗan rarar da na ce zan sayo wa Hajja labule. Ashe abin da ya faɗa ko tagar ginin ba zai kai mu ba.

Siminti ne ya fara koya mini hankali. Na je shago na tambayi kuɗin buhu, mai shagon ya ce in dakata ya buga waya ya ji yadda aka tashi da shi yau. Na ɗauka wasa yake yi. Ya faɗa, na je na ciro kuɗi na dawo bayan azahar, ya ce ai wancan farashin na safe ne. Na riƙe baki na ce, "Alhaji, siminti kake sayarwa ko zinari?" Ko a jikinsa, ya ce, "Malam, zinari ai yakan sauka wani lokaci."

Daga nan abubuwan da ban taɓa sanin ana biya ba suka yi ta fitowa. Tarkacen tsohon ɗakin sai da na biya aka kwashe. Tipar yashi ta zo ta kasa shiga lungunmu, ta juye a bakin titi ta yi gaba, sai na nemo masu baro su shigo da shi, kuma abin da suka karɓa ya kusa kamo kuɗin yashin. Sai ruwa. Wallahi ban san gini yana shan ruwa haka ba. 'Yan garuwa suka mai da ƙofar gidanmu tasha, kura na fita kura na shiga, ana kwaɓa siminti, ana shayar da bulo safe da yamma, bango yana shan abin da ni da iyalina ba ma sha a mako. Banɗakin da na ɗauka ɗan lungu ne kawai, ashe yana da nasa ramin, da nasa bututun, da nasa mai gyaran da ba ya gaisawa sai an ba shi na mota. Da aka zo kan rodi kuwa, na tsaya a gaban mai shago ina ta maimaita lissafi har ya turo mini kujera.

Duk yamma in na dawo daga makaranta, magini ya tare ni da fara'a ya ce kaɗan ya rage. Ranar da na ce masa in ya sake faɗa zan haɗa shi da bulon in gine, dariya ya yi har da dafa bango. Haka muka lallaɓa aka zuba linta a saman ƙofa da taga, bango ya kai inda zai kai, aljihuna kuma ya kai ƙarshe. Babu katako, babu kwano, babu ƙusa ko ɗaya. Ginin ya tsaya baki buɗe yana kallon sama, magini ya kwashe kayan aikinsa ya tafi wani wuri.

Ana nan iska ta fara juyawa. Da yamma hadari yakan taso daga gabas ya yi baƙi, ya watse ba tare da ya zubar ba, ni kuwa duk tasowarsa sai in fita in dubi ginin da babu rufi. Na lura Hajja ta fara ɗaure kwalaben turarenta cikin tsofaffin zannuwa tana jerawa a akwati. Wata safiya matata ta same ni a bayan kicin ta ce in kai keken ɗinkinta kasuwa. Da keken nan take ɗinka wa unguwa kayan sallah, da shi take rufa mana asiri in wata ya yi nisa. Na ce a'a, ta ce to in kawo wata dabarar. Ba ni da ita. Mun ɗauka a hankali muke magana, mun manta gadon Hajja yana bayan katangar kicin ɗin.

A garin nan, tun da shiga daji ya zama abin tsoro, itace ya yi daraja. Akwai masu bin gidaje suna sayen bishiya a tsaye, su sare su kai wa gidajen burodi. Sun sha tsayawa a ƙofarmu suna kallon dogonyaron, Hajja tana korarsu tun kafin su gama sallama. Shi ya sa ranar da na shigo lungunmu da rana na ci karo da kura cike da ɗanyen itace, ban kawo komai a raina ba, har matsawa na yi na ba ta hanya. Sai na ji ɗacin ganye a iska, na ga garin katako a bakin zaurenmu.

Hasken ne ya fara buguna. Ban taɓa ganin tsakar gidanmu da rana tsirara haka ba, na tsaya na rasa ko gidan wani na faɗa. Sama a buɗe take fayau. Ga rassa a zube, ga ƙarti suna datsa su da injin zarto, ga kututture fari fat a inda bishiyar take. Matata tana ƙofar kicin ta toshe baki da mayafi. Jakata ta faɗi ban sani ba. Na yi kan babbansu ina ihu, ban ma san me nake faɗa ba. Ya kashe injin ya ce, "Malam, yi haƙuri, Hajja ce ta aika a kira ni. Na tambaye ta ko maigida ya sani, ta ce ita ce maigida."

Tana zaune a kan tabarma a 'yar siririyar inuwar sabon bangon, carbi a hannunta.

"Hajja, me kika yi?"

"Wushe, sannu da aiki. Zauna ka sha ruwa."

"Bishiyar Baba fa, Hajja!"

"Babanka ya dasa ta ya tafi kasuwarsa. Ni na yi ta ɗawainiyar ba ta ruwa har ta tsaya da ƙafarta, don haka kada ka tsaya a kaina kana zare ido." Ta kwance bakin zaninta ta ajiye kuɗin a kan tabarma. "Je ka sayo kwano. Ba za a sayar da keken yarinyar nan saboda ni ba."

Na durƙusa a gabanta na kasa taɓa kuɗin. Raina ya ɓaci, da ita, da masu saran, da mai siminti, da kowa, kuma babu wanda zan iya faɗa wa. Muryarta ba ta yi rawa ba, amma duk tsawon maganar ba ta dubi wajen kututturen ba ko sau ɗaya.

Washegari na tafi kasuwa da kafinta, a can na sha mamakin da ya fi na jiya. Mai shago ya duba abin da na kawo, ya dube ni, ya ce, "Malam, wannan ai na katako da ƙusa ne. Kwano kuma sai ka dawo." Na sa ya maimaita. Bishiyar da ta yi wa gidanmu inuwa tun kafin a yanke mini cibi, an kayar da ita a wuni guda, kuma ba ta iya rufe ɗaki ɗaya ba. Na fito na zauna a bakin kwata kamar wanda aka yi wa rasuwa. A makon nan keken ɗinkin ya tafi kasuwa. Mun fitar da shi Hajja tana sallar azahar, muka shirya za mu ce yana wurin gyara. Ba ta taɓa tambaya ba, kuma na san ba don ba ta lura ba ne.

An buga kwanon ƙarshe hadari yana haɗuwa. Babu silin, babu fenti, daɓe ma bai gama bushewa ba muka shigar da gadonta. Ruwan farko ya sauka tana ciki, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Ta ɗaga hannu ta yi mini addu'ar da ta sa na fita waje don kada yara su ga idona. A raina na ce ko me aka kashe, na riƙe uwata a gida.

Damina ta wuce lafiya, sanyi ma haka. Da bazara ta dawo ne muka san abin da muka sayar. Tun hantsi rana take sauka tsakar gida ta zauna, ƙasa ta yi zafin da yara ba sa iya takawa ba takalmi. Ɗakin Hajja, da kwanonsa babu silin, ya koma kamar tanda, wutar da za ta juya fanka kuma sai an ga dama. Na ɗaura tamfol a tsakar gida, ya ƙara tara zafin. Matan da ke zuwa sayen turare suka koma tsayawa a zaure, su karɓa su wuce, don babu inda za su zauna. Hajja ta koma jan tabarmarta tana bin inuwar katanga, da safe nan, da yamma can. Na sayo dashen dogonyaro na kafa kusa da kututturen. Ta kalle shi, ta kalle ni, ta ce, "Jikokinka za su ji daɗi."

Wata Lahadi maƙwabciyarmu ta auna ta, ta ja ni zaure ta ce, "Ɗana, jinin Mama ya hau sosai. Ba ta barci, ba ta da abokin hira. Zafin nan zai kwantar da ita." Na ce zan sa silin da zarar an yi albashi. Ta dube ni kawai, don ita ma ta san kuɗin silin.

Bayan 'yan kwanaki Hajja ta kira ni ta ce za ta je Konduga sai zafi ya wuce, gidan ƙanenta akwai tsamiya da mangwaro. Na ce, "Hajja, ai don kada ki tafi na yi duk wannan." Ta ce, "Na sani, Malam. Ka cika alkawari, ɗaki ya yi kyau, Allah ya yi maka albarka." Ni na ɗauki akwatinta zuwa tasha, ni na zaɓa mata wurin zama kusa da taga.

Da damina ta sauka na buga mata waya na ce gari ya yi sanyi, yaushe zan zo ɗaukarta. Ta ce ta ɗan shuka gyaɗa a bayan gida, sai an cire. Da aka cire ta ce sai an shanya. Yanzu na daina tambaya, duk ƙarshen wata nake sayen maganinta in ba direba ya kai mata.