Abla Kausar, Malamar da Aka Raba da Ajinta

Da hantsin Talata, huɗu ga Maris, aka bugo min waya cewa Allah Ya yi wa Abla Kausar Abdulgaffar rasuwa a gidanta da ke garinmu, Tahta. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma.

Abla, kamar yadda muke kiran malamanmu mata, ke kika koyar da mu a aji huɗu na firamare. A sauran azuzuwa hadda ake yi da ƙarfi, wadda ta manta kalma ta miƙa tafi a zabga mata rula. Ke kuwa har bakin magudanar ruwa kike kai mu, mu ga yadda ake ban ruwan rake, sannan ki ce mu tambaya. Shadiya mai i'ina, wadda aka doka har ta daina magana, a ajinki ta fara karanta shafi guda, kina tsaye kina jiranta ba gaggawa.

Ba zan manta ranar da sufeton makarantu Ustaz Fathi ya zo ba. Yana cikin bayani Shadiya ta ɗaga hannu ta ce, "Me ya sa?" Ya juyo gare ki a fusace: "Wa ya ba wannan izinin tambaya?"

Kika ce, "Ni ce, ranka ya daɗe. In kana da amsa, ba ta."

Kafin ƙarshen zangon an ƙwace ajin, an mai da ke ɗakin ajiya kina gadin karyayyun kujeru. A nan kika tsufa har kika yi ritaya. Mukan leƙo ta taga lokacin tara, ki gutsura mana burodi da wake, ki ce, "Yau me kuka gane, 'yan albarka?"

Jiya Ustaz Fathi ya zo zaman makoki da sandarsa, yana cewa ƙasa ta yi rashin malama. Da ya gaishe ni, na kau da kai. 'Yata Rabab tana makarantar nan yanzu. Tana haddace littafi daga bango zuwa bango, amma rabon da ta tambaye ni wani abu har na manta.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki abin da aka yi miki. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki Hajj Sabri da 'ya'yanki, da kuma yaran Tahta da aka hana su zama a gabanki.