Abba da Jirginsa na Kwali

Ina cikin jirgin ƙasa na LRT, na taso daga makaranta, ina karanta wani littafin soyayya a waya, kiran Anti Rabi maƙwabciyarmu ya shigo. Ta ce, "Ummi, kada ki wuce gida, ki sauka a tashar Masjid Jamek ki jira ni." Muryarta ce ta gaya mini kafin bakinta. Abba, mahaifina, ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin bincikensu da ke titin Jalan Semarak, ko asibiti ba a kai da shi ba rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mahaifina injiniyan sojan ruwa ne. Karatu ya kawo mu Kuala Lumpur. Bincikensa a kan manyan jiragen ruwan yaƙi ne, waɗanda jiragen sama ke sauka a bayansu: yadda ake zana su, da kayan gyaran da dole su tafi da su, tun da babu kasuwa a tsakiyar teku. Ya ƙera ɗaya da kwali, ya cinye mana teburin cin abinci. Umma takan ce, "Alhaji, mu da ba mu da irin jirgin nan a ƙasarmu, a kansa za mu koma ci a ƙasa?" Sai ya yi dariya ya ce, "Ki bari a kammala, zan ba ki muƙamin kyaftin."

Mutum ne mai sanyin magana, mai tsoron a rasa abu. Fitila biyu yake saya, makulli biyu yake yankawa. Ya nuna mini zarurrukan da ya ɗaura a bayan jirgin, a madadin igiyoyin ƙarfen da ke cafke jirgin sama in ya sauka. "Ba a sa guda ɗaya, Mamana. In ya kuskure ta farko, akwai ta gaba." Mamana yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa nake da shi.

Ni kuwa ko gaisuwa da ƙyar take fita daga bakina. Amma tun da Umma ta sami ciki, ya sa ni a gaba. Ni zan je kedai, wato shago, in yi ciniki, ni zan ce wa mai gidan abincin mamak ya tapau mana abinci, wato ya ƙulle mana mu tafi da shi gida, shi yana tsaye a baya kamar bai san ni ba. Ran da na yi kuka, ya zaunar da ni gaban jirgin ya ce, "Ba ƙarfe kaɗai ake ajiye wa na canji ba. Kowane aiki a jirgi, akwai mutum na biyu da ya iya shi. Ummanki ba ta jin Turanci, ba ta jin Malay." Ya kuma ce matuƙi in zai sauka ba ya rage wuta don tsoro, ƙarawa yake yi.

Bayan sadakar uku, baƙi sun watse, Umma ta kira ni. Ƙafafunta sun kumbura, kanta na sarawa, tana ganin dishi-dishi. Ta ce, "Ummi, wa zai yi wa likitoci bayani?" Na waiwaya ƙofa kamar zai shigo. Babu kowa sai jirgin kwali.

Na kira tasi. A asibiti likita ta tambaya wa ke tare da mara lafiya. Na ce ni ce. Na faɗi watannin cikin, da maganin da take sha, da rasuwar da aka yi mana. Muryata na karkarwa, amma ban tsaya ba. Likitar ta ce jininta ne ya hau sosai, gara da muka zo a lokacin. Suka ba ta gado.

A gefen gadon nan nake wannan rubutu. Har yanzu tsoro nake ji. Duk sanda na'urar awon jini ta yi ƙara, sai gabana ya faɗi, don ni ce igiya ta biyu, kuma ban ga ta uku ba.

Ya Allah ka jiƙan Abba, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa a wannan ƙasa mai nisa da danginsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka sauki Umma lafiya, ka raya abin da ke cikinta. Ni kuma ka riƙe mini muryata. Amin.