Ranar da Na Tsallake Kaka

Wata Juma'a ce da hantsi, a shekarar da nake aji biyar na firamare, an gama girbin gero ana ta ɗinka bakin rumbuna, Baffa Sanusi ya sauka daga babur a ƙofar gidanmu da ke Tsamaye da wata jaka rataye a wuya. Ƙanin babana ne, yana karatun kwamfuta a Sakkwato, kuma shi ne ɗan autan Kaka, wadda ta haifi babanmu. Na ajiye taɓaryar da nake surfe da ita na ruga na tarbe shi, dusa duk ta ɓata mini zane. A cikin jakar akwai tsohuwar kwamfuta ta hannu da ya saya, ya tsaya ya cika mata caji a shagon mai janareto a Sabon Birni. Da ya buɗe ta sai na ji raina ya ɓaci, don na sa rai za ni ga hotuna irin na wayar malamanmu. Ba hoto ko ɗaya. Fuska ce baƙa ƙirin, sai ɗan farin layi a kusurwa yana ƙifta ido. Baffa ya ce ta tsufa, hotuna sun yi mata nauyi, da rubutu kaɗai yake ba ta umarni.

Abin da ya kawo shi saƙo ne. Babban ɗan Kaka, Baffa Isuhu, ya daɗe a Agadas bai leƙo gida ba, ga garinmu ba sabis. Sai aka shirya a ɗauki muryar Kaka, a zuba a ɗan katin memori na waya, a ba wani ɗan kasuwa da ke bi ta Burkusuma ya kai masa. Aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, aka kore awaki, aka hana ƙannena ko tari. Baffa Sanusi ya rubuta layi guda na Turanci, ya ce wannan shi ne umarnin ɗaukar sauti, saura sunan da za a ba abin da aka ɗauka. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina, don ni ke rubuta wa malami kwanan wata a allo. Baffa ya ce in zo in gwada bokona. Da yatsa ɗaya na laluba haruffa na rubuta kaka, na danna babban maɓallin da ya nuna mini. Kaka ta fara magana, amma wallahi ban ji ko kalma ɗaya ba, idona na kan farin layin nan. Da ta gama Baffa ya danna maɓallai biyu tare, ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Shi ke nan, Dije ta kama ta, tana ciki."

Washegari Kaka ta tashi ba murya. Tana buɗe baki sai iska, ga zazzaɓi ya kwantar da ita. Matar da in ta kira sunana daga ɗaki sai na jiyo ta a bakin rijiya, yau sai dai ta buga kwano da ludayi in tana son ruwa. Mu yaran garin kuwa babu abin da muka sani kamar labarin maita. A dandali bayan mun gaji da gaɗa da carafke, manyan 'yan mata kan ba mu labarin yadda maye ke kama kurwar mutum ya ɓoye ta a cikin tulu ko kogon itace, mutum ya yi ta ramewa har ya mutu. Kama, kalmar ke nan da Baffa ya faɗa. Kaset na sani, ana ganinsa yana juyawa, ana riƙe shi a hannu. Wannan kuwa ba komai sai duhu, kuma ni na rubuta sunanta da hannuna na tura ta ciki.

Tsoron da na ji a kwanakin nan ban ƙara jin irinsa ba sai da na girma. Tuwo ya ƙi wuce mini. In na je jan ruwa ba na yarda in leƙa rijiya, kada in ga abin da mayu ke gani. Na daina kallon jarirai a ido. A makaranta malami ya miƙo mini alli na ce hannuna na ciwo, na gwammace bulala. Ban iya tambayar Baffa ba, don ya tafi garin Isa gaida abokansa, kwamfutar kuma tana rufe a jaka a ɗakin babana. Duk sanda na wuce ƙofar sai in kasa kunne ko za ni ji Kaka na kira daga ciki. Uwata ta ɗauka ciwon shawara ne ke damuna, ta dafa mini saiwoyi masu ɗaci na shanye.

Magani ɗaya na sani, shi ma a dandali na ji shi: in aka gane maye, sai a tilasta shi ya tsallake marar lafiya sau uku, kurwar ta koma. Ran nan da azahar, maza na gona suna kwasar kara, mata sun zagaya bayan gidanmu wajen sussuka, na shiga ɗakin Kaka. Tana kwance a tabarma tana barci, zanen Gobir da ke kumatunta ya ƙara zurfi saboda rama. Na tattare zanena, na tsallake ta. Na juyo na sake. Ina ɗaga ƙafa a na uku sai na ji kwano ya faɗi a bakin ƙofa. Inna Hassu ce, maƙwabciyarmu, ta kawo kunun dubiya.

"Innalillahi! Mi kika yi, ɗiyag ga? Jama'a ku taho ku gani!"

Kafin in sauke ƙafa tsakar gida ta cika. Sai a lokacin na gane abin da na jawo wa kaina, domin a wurinmu wanda ya tsallake marar lafiya ya amsa laifinsa ke nan, kuma sunan ba ya tsayawa kan mutum ɗaya, har uwa da ƙanne yake bi. Na ga mata na janye 'ya'yansu bayan zane. Uwata ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta kasa dukana ta kasa kare ni. Ni kuwa kuka nake ina faɗin, "Ni na kama ta, ku sake ta, tana cikin baƙin abin can!"

Allah ya sa Baffa ya dawo a daidai lokacin. Da ya ji zancen bai yi dariya ba, fuskarsa ma ta canza, don ya san inda irin wannan magana ke kai mutum. Ya ɗauko kwamfutar ya ajiye a kan turmi, ya rubuta wani layin ya danna. Muryar Kaka ta fito, alhali ga ta, hayaniya ta tashe ta, zaune jingine da ƙofa bakinta a rufe. Wasu matan suka yi zaure da gudu suna salati. Waɗanda suka daure suka ji tana cewa, "Isuhu, ni ta, uwakka. Ka yi haƙuri da muryag ga, sanyi ya kama ni tun shekaranjiya wajen shiƙa, maƙoshina awa an zuba ƙasa." Sai tari ya biyo baya, mai tsawo. Baffa ya sake kunnawa don kowa ya ji cewa ciwon ya riga kwamfutar zuwa. Kaka ta miƙo hannu ta jawo ni, ta ɗora ni a cinyarta a gaban kowa, ni da na fi ƙarfin cinya, ta ɗebi sauran kunun da bai zube ba ta sha, ta ba ni na sha. Muryarta ta dawo bayan 'yan kwanaki. Amma Inna Hassu ba ta ƙara ba ni goyon ɗanta ba, kuma abin ya daɗe yana yi mini ciwo.

Yanzu a Sakkwato nake zaune, kamar yawancin danginmu da rashin tsaro ya taso. 'Ya'yana na danna waya su aika murya sau da yawa a wuni, ba wanda gabansa ke faɗuwa. Kaka ta rasu tun kafin mu baro gida. Kwamfutar Baffa ta mutu an sayar wa masu gwangwan da ke sayen tsofaffin ƙarafa, memorin kuma na tambayi Baffa Isuhu ya ce ya ɓace tare da wata wayarsa. Wani lokaci ina cikin aiki sai in tsaya in gwada tuno yadda take jan sunana, sai in ga kalmomin na nan amma sautin ya gushe. Muryar da na yi ta kuka a sake ta, yau ita nake nema.