Gaiwa a Cikin Bango

A da akwai tafki a bayan garinmu, can wajen Paki. Ba ƙaramin ruwa ba ne. Bado ya rufe shi, gauraka na sauka da hantsi, kirinjijiya kuwa in ta fara kuka ba kya jin maganar ta kusa da ke. In rani ya yi ƙarfi sai ruwan ya janye, laka ta tsattsage. A nan kifin nan gaiwa take shigewa ƙasa ta kwanta, tana cin jikinta, in ji manya, har ruwa ya dawo.

Da lakar nan maigidana ya yi tubali ya gina mini ɗaki. Daminar farko, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, na ji abu ya faɗo a gindin bango. Na leƙa, sai ga 'yar gaiwa tana mutsu-mutsu. Ashe da ita aka yi ginin.

Ya ce, "To amarya, ga cefane har ƙofar ɗaki."

Na ce, "Wadda ta sha rana a bangona ba ta shiga tukunyata."

Na sa ta a ƙwarya na mayar da ita tafki. Har ya tsufa yana yi mini dariyar wannan.

Ya rasu. Tafkin ma ya tafi, a hankali. Injin ban-ruwa ya zo, rake ya zo, tumatir ya biyo. Ban ɗora wa kowa laifi ba, da raken nan muka ci abinci.

Bara ɗana ya ce zai rushe ɗakin ya yi mini na bulo.

"Inna, bangon nan zai danne ki wata rana."

Na ce, "Rushe. Amma a bar mini ƙasar."

Ina zaune aka rushe, ban ji komai ba. Na sa aka tara ƙasar a gindin mangwaro, kullum ina juye mata ragowar ruwan buta.

Jikata ta ce, "Tsohuwa, ƙasa kike yi wa wanka?"

Na ce, "Baƙuwa nake jira."

Damina ta zo ta narkar da tarin, babu abin da ya fito sai tsutsa. Dama na sani, gaiwa ba ta kai waɗannan shekaru. Ko da ta fito ma, ina zan kai ta?

Ɗakin bulo ba ya yoyo. A ciki nake kwana.