Ranar da Mama Ta Karɓi Tulunta

Akwai wata ranar Asabar da na san ba za ta taɓa fita daga kaina ba, ko da tsufa zai kwashe mini duk sauran abin da na sani. Rana ce da na tsaya a gaban matan cocinmu, ɗaure da zanen zumunta, makirfo a hannuna, bakina yana yabon Ubangiji, zuciyata kuwa cike fal da kishin wata yarinya da ba ta taɓa yi mini komai ba.

A lokacin ni ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu da ke Shango, nan Minna. Ga wanda bai san zumunta ba, mace ɗaya ce ke tsayawa a gaba ta ɗaga waƙa, sauran su amsa, masu caki su girgiza, mai tulu kuma tana can baya a kan 'yar kujera, ta rungume tulun a cinya tana buga shi da tafin hannu. Kowa yana jin tulu, amma ba mai kallon mai tulu. Idon jama'a yana kan mai ba da waƙa, kuma shekara goma sha shida wannan idon a kaina yake. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗinsa, na kuma saba da shi.

Wadda ta kafa zumuntar tamu wata dattijuwa ce Bagwariya, 'yar asalin garin, kowa Mama yake ce mata. Tulun da muke bugawa ma ita ta gina shi da hannunta tun tana da ƙarfi. Hausar Mama ba ruwanta da bambance mace da namiji, kowa "ka" ne a bakinta. Tun da aka kawo ni Minna daga kudancin Kaduna, matar sabon malamin firamare, ta laƙaba mini Amaryan Malam, kuma har 'ya'yana suka shiga sakandare ba ta sake mini suna ba. Ita ta koya mini tulu, ita ta koya mini waƙa. Sai tsufa ya zo mata da mantuwa. Ta fara da manta inda ta ajiye abu, ta kai har ba ta gane 'ya'yan cikinta. Na je gaishe ta da 'yar doyata, na durƙusa, ta dube ni tsaf ta tambayi 'yarta ko ni mai tallan gawayi ce. Na yi dariya a gabansu, amma a hanya da hawaye na koma gida.

Ana cikin haka sai ga wata baƙuwa a wurin koyon waƙarmu na ranar Alhamis. Yarinya ce siririya da goyo, mijinta mai walda ne a unguwar Kpakungu. Ta zauna can ƙarshen benci kamar wadda ta zo roƙon wuta. Na ɗaga waƙa, mata suka amsa, sai na ji wata murya ta ratso ta cikinsu, tas, ba gargada, ba ƙoƙari. Na ga kawuna suna juyawa baya ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina tsaye a gaba ba mai kallona. Da aka tashi, uwar zumunta, wato shugabarmu ta yanzu, ta dafa kafaɗata ta ce Allah ya kawo mini mataimakiya. Na ce amin, amma aminin nan iyakarsa leɓe.

Ke dai bari, abin da na riƙa yi wa yarinyar nan, yanzu in na tuna sai in rufe fuska. Na ɗaga waƙa can sama don muryarta ta tsinke, ta hau abinta ba ko tuntuɓe, ni ce ma na koma gida ina shan ruwan ɗumi da zuma. Na ce ɗaurin ɗankwalinta ba na zumunta ba ne. Na ce tana danne muryar dattawa. Duk abin da na faɗa, sai ta rusuna ta ce, "To Anti, na gode, zan gyara." Wannan ladabin ma haushi yake ba ni, don da ta yi mini rashin kunya da na sami abin riƙewa. Maigidana ya gaji da jin ƙorafina, ya tambaye ni ko ba ni ce nake addu'a kullum Allah ya ƙaro mana masu murya ba. Ranar tuwo kawai na ajiye masa.

Muna da al'ada a zumuntarmu. Sau ɗaya a shekara, in an fara cin sabuwar doya, mukan yi ranar waƙoƙin dā. Ba a sabuwar waƙa, ba a kunna jita ko piyano, daga tulu sai caki. Kuma kafin mace ta ɗaga waƙa, sai ta faɗa wa jama'a daga bakin wa ta karɓe ta. A wannan shekarar 'yar Mama ta yarda za ta kawo ta, ko Allah zai sa ta ji wani abu da ta sani. Aka shirya za a rufe taron da waƙar da Mama ta haɗa da kanta shekarar da ɗanta ya tashi daga ciwon da aka fid da rai, wadda amshinta ke cewa wanda ya raka ni rafi shi zai dawo da ni gida. Ni kuwa na riga na cika baki, na gaya wa kowa cewa da zarar Mama ta ji muryata a waƙar nan za ta gane ni. Abin da nake so ke nan fiye da komai, ta ɗaga kai a gaban jama'a ta kira ni da sunan da ta ba ni.

Sai uwar zumunta ta kawo shawara wai a bar baƙuwar ta ba da baiti ɗaya a ciki. Baiti ɗaya tak. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Allah ya sa mai tulunmu ta haihu a makon, sai na yi wuf na ce ai ba mu da mai tulu, kuma yarinya mai kunne irin wannan ita ta dace da shi. Kowa ya ce na yi tunani mai kyau. Ni kaɗai na san lissafina: mai tulu tana duƙe a baya, ba ta da sararin ɗaga murya. Ban tsaya nan ba. Maimakon in nuna mata bugun da muke yi yanzu mai sauƙi, sai na nuna mata tsohon bugun Mama, mai uku a jere sannan a toshe bakin tulun da tafin hannu a sake shi. Ni kaina wata shida na yi kafin hannuna ya faɗa, kuma an daina shi tun da Mama ta zauna a gida. Na nuna mata sau biyu na tashi, ina jiran ta ji kunya ranar taro. Daga baya na ji cewa da tsohuwar jarkar ruwa ta riƙa koyo a tsakar gidan hayarsu, har maƙwabta suka fara tsokanarta.

Ranar ta zo. Coci ya cika, har matan ƙauyukan wajen Gidan Kwano sun cika mota sun zo. Aka shigo da Mama a hankali, 'yarta na riƙe da ita, aka zaunar da ita a kujerar gaba. Ta rame, idonta yana kallon ƙasa, tana ta murza bakin zanenta da yatsu. Aka yi ta waƙoƙi, mata suna faɗin iyayensu da kakanninsu, wasu suna kuka, Mama ko gezau.

Da aka zo ta ƙarshe na miƙe, na gyara ɗaurina, na ce wannan waƙa daga bakin Mama na karɓe ta, ni ce 'yarta a waƙa. Na matso daf da kujerarta na ɗaga murya. Allah ya sani ban taɓa zuba ƙarfina a waƙa irin na ranar ba. Na gama baitin farko ina kallon ƙwayar idonta, ba ta ko ɗago ba. A baiti na biyu tulu ya shigo. Uku a jere, a toshe, a saki. Bai kauce ko kaɗan ba. Sai na ga yatsun Mama sun daina murza zane, sun fara bugun gwiwarta. Ta ɗaga kai. Murna ta kama ni, na ƙara matsowa. Ta dafa 'yarta ta miƙe, ta tako, ta wuce ni kamar ta wuce ginshiƙi, ta bi tsakanin mata har can baya.

Waƙa ta mutu a bakina, caki ya yi shiru. Yarinyar kaɗai ce ba ta lura ba, kanta a duƙe, tana bugawa tana rera amshin a hankali don kada ta ɓata ƙidaya. Mama ta tsaya a kanta tana saurare. Can ta miƙa hannu biyu ta kama wuyan tulun, ta ce da muryar da kowa ya ji:

"Amaryan Malam, tashi ka ba da waka. Murya naka ya fi nawa. Ni zan rike tulu."

Jikina ya yi sanyi ƙalau. Ba wai don ta ba wata sunana ba, ko da yake wannan ma ya soke ni. Na san kalmomin nan. Shekara goma sha shida da suka wuce, a cocin nan, a kan wannan 'yar kujerar, ni ce nake duƙe da tulun ina rera amshi ƙasa-ƙasa, Mama kuma ita ce a gaba da muryarta garau. Ta tsayar da waƙa, ta tako baya, ta faɗa mini wannan maganar, ba ragi ba ƙari. Daga ranar ba ta sake tsayawa a gaba ba. Ni kuwa a tsawon shekarun nan na gyara labarin a kaina, na mai da shi cewa iyawata ce ta kai ni gaba. Wadda aka ce ta manta komai ta tuna, ni mai cikakken hankali ni ce na manta.

Yarinyar ta miƙe, idonta a kaina, don ta san halina. Tsofaffin matan da suka ga wancan ranar su ma ni suke kallo. Zan so in ce muku nan take zuciyata ta wanke, amma ƙarya ne. Kishin yana nan daram. Na dai taka zuwa wurinta, na sa mata makirfon a hannu, na ce, "Je ki, Mama ta ce ki ba da waƙa." Na koma cikin layin masu amshi, wurin da rabona da shi shekara goma sha shida.

Ta ɗaga waƙar. Mama ta zauna ta rungume tulunta, hannuwan nan da ba sa iya ɗaura zane suka riƙa faɗawa daidai. Coci ya ɗauka, mata suna rawa suna kuka, 'yar Mama ta durƙusa ta rufe fuska. Gaskiya ita ce yarinyar ta fi ni, kuma a ranar na fara jin waƙar da kunnena maimakon in riƙa sauraren kaina.

Da aka tashi na je na durƙusa a gaban Mama, har lokacin ina sa rai. Ta dube ni da fara'a ta ce, "Baiwar Allah, kana amsa waka da kyau. Ka rika zuwa." Shi ke nan abin da na samu.

A bakin ƙofa, muna jiran keke napep, 'yar Mama ta riƙe hannuna ta gaya mini abin da ban taɓa sani ba. Ta ce wancan ranar da Mama ta ba ni gaba, da ta koma gida ɗaki ta shiga ta rufe, kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Da suka matsa mata, sai ta ce musu abin yana ci mata rai, don tana son tsayuwar nan a gaba, amma waƙar ba tata ba ce da za ta zauna a kanta. Ni da nake zaton gajiya ce ta sa ta sauka. Ashe da ciwo ta ba ni, kuma ba ta taɓa bari na gani a fuskarta ba.

Mama ta koma ga Ubangiji kafin doya ta sake nuna, ba ta ƙara gane ni ba. Ranar Alhamis da ta biyo bayan taron na kira yarinyar gefe na faɗa mata dalilin da ya sa na ba ta tulu, da dalilin da ya sa na zaɓi wancan bugun. Ta ce ai ta sani tun ranar farko. Wannan ya fi mari zafi.

Abin da na koya shi ne, jin kishi ba ya nufin mutum ya lalace, don har Mama ta ji shi. Inda mutum ke lalacewa shi ne ya bar kishin ya riƙe masa hannu lokacin da ya kamata ya miƙa abin da shi ma miƙo masa aka yi. Yau yarinyar ce ke ba da waƙa a zumuntarmu, ni ce mai tulu. Wani lokaci in ta hau can sama mata suka yi guɗa, har yanzu nakan ji ɗan tsinken nan a ƙirjina. Sai in duƙar da kai, in buga uku a jere, in toshe, in saki.