Ɗinyar Rosalie

Rosalie ba ta da gona, amma ta shekara ashirin da wurin zamanta a kasuwar Garwa. Mutuniyar dutse ce, Kirista, aure ya sauko da ita wani ƙauye kusa da Lagdo. Sana'arta shiga daji: da damina tafasa da lalo, da kaka ɗinya, da sanyi kanya da magarya. Ranar da aka yi mata katin shaida, akawu ya lalubi sunan wannan aiki a Faransanci bai samu ba, ya rubuta cewa ba ta da sana'a.

Masu wannan rashin sana'a suna da doka guda: ba a faɗin wuri. In an tambaye ki inda kika samo, ki nuna gabas da haɓa, gobe ki yi yamma. Maƙwabciyarta Achta ta sha bin sawunta, kullum a ƙaya take ƙarewa.

Wurin Rosalie wani kwari ne a hayin rafi, mai ɗinya bakwai. A nan maciji ya sari 'yarta Jacqueline tana da shekara shida. Rafi ya cika ranar, bai ƙetaru ba sai bayan kwana biyu. Ita da mijinta Louis suka binne yarinyar a gindin ɗinya ta uku. Da Louis ya rasu, ita kaɗai ta rage da sanin wurin.

Da aikin madatsar ruwa da ake ginawa a Lagdo ya yi nisa, wani akawu ya zo ƙauyen da babban littafi. Ya zauna a inuwa, mata suka kewaye shi. Ya ce duk mai gona ko kabari inda ruwa zai ci ya faɗa, a je a sa alama, a kwashe abin da zai kwasu.

"Mama, ke fa?"

Rosalie ta buɗe baki, sai ta ga Achta ta matso har tana taka mata zane.

"Faɗa masa mana, uwar daji," in ji Achta. "Mu ma mu ji. Ko kunnena ne ya yi miki girma?"

"Ya fi faifai," in ji Rosalie. Ta juya ga akawun. "Ba ni da komai can, ɗan nan. Ƙaya ce kawai."

Mata suka yi dariya, ya ja layi a gaban sunanta. Ta ce a ranta za ta same shi shi kaɗai, amma motarsa ta tashi kafin la'asar. Ba ta damu sosai ba. Ta san kogin Binuwai tun tana amarya, ko a shekarar babbar ambaliya bai kai ƙafar kwarin ba. Masu takarda ne za su koya mata kogi?

Damina guda ta ishi ruwan ya shanye kwarin. Da ta je sabon bakin tafki, ko kan ɗinya ɗaya ba ta hango ba.

Ta samu Bilya, wani masunci da ya zo daga Najeriya da kwalekwalensa, ta zayyana masa komai: rafi, dutse mai tsaga, itace bakwai, na uku daga hagu. Ba ta taɓa yi wa ɗan Adam wannan bayani ba. Ya saurara da ladabi, ya ce, "Inna, ni ruwa na tarar a nan."

Duk da haka ya ɗauke ta. Suka yi ta tafiya, tana duban tsaunuka tana auna su da yatsa.

"Nan ne, Inna?"

Ta leƙa. Ruwan ja ne, ko tafin hannu ba ya nunawa.

"Ƙara gaba kaɗan," ta ce.